Ko Ka Koya Masa Injin, Ko Ka Yaye Shi

Zuwa ga Alhaji, mai babban gidan ɗinki da surfani na Yantala, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da duk wanda ke ci a ƙarƙashinka. Ina gaishe ka da zafin nan da muke ciki, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a.

Ni ce Rabi mai rini ta Harobanda, uwar Haruna, mai surfanin nan da a da kekensa yake kusa da taga a shagonka. Ko ka manta fuskata, ba ka manta rinina ba, don shekaru da yawa shaddar da ta bi ta bahunana ce take rataye a kantinka. Ban kama sunanka a nan ba, domin ban fito in zubar maka da mutunci ba. Kai ka san da kai nake, hakan ya ishe ni.

Da ƙafata na so in zo, kuma na zo. Na hau faba-faba, motar hayar nan, na ƙetare gada, na zauna a benci a ƙofar shagonka har inuwa ta bar wurin, aka ce mini ka yi tafiya. Na koma, aka ce kana ciki da baƙi. Na je gida, Hajiya ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni ruwa da abinci, amma ta ce ita ba ta sa baki a sha'anin shago. Na buga waya, ba a ɗauka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ban yi lakkwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu. In ka ga wata magana ta zo a karkace, ka yi haƙuri ka duba abin da nake nufi. Na kuma sa ta a fili inda kowa zai karanta, domin abin da ya same mu bai tsaya a gidana kaɗai ba.

Na farko, ina so in tuna maka hanyar da riga take bi kafin ta kai kantinka. Ka fi ni saninta, amma kai daga bakin kanti kake kallonta, ni kuwa daga can baya. Farar shadda takan zo wurinmu daga hannun ɗan kasuwa. Mu matan Harobanda mu ƙulle ta, mu dafa ruwa, mu tsoma ta a galura, mu ɗauraye, mu sa mata ƙaro, mu shanya. Ɗana na fari, yayan Haruna, wanda ba na kama sunansa, shi ke ɗaure ta a bayan motonsa mai ƙafa biyu ya kai Gamkalley wurin su Baba Hamani masu bugu. Su shimfiɗa ta a kan gungume, su yi ta dukanta da mabugi har ta yi sheƙi kamar an zuba mata ruwa. Daga nan ta zo shagonka, mai yanka ya yanka, mai surfani ya yi mata wuya da aljihu, tela ya haɗa, mai guga ya goge. Kowa yana jiran abin da zai fito daga hannun ɗan'uwansa. Riga ɗaya ce, amma gidaje da yawa ne ke ɗora tukunya saboda ita.

Ba a taɓa yin shekarar da aiki ya tafi daidai daga farko har ƙarshe ba, kuma ba mu taɓa kuka da haka ba. Mun san lokutanmu. Gabanin azumi aiki yakan taso har mutum ya manta bai ci abinci ba. Bayan Ƙaramar Salla ya lafa kaɗan, ya sake tasowa don Layya. Da damina kasuwa ta yi sanyi, shanya ma wahala take yi. In an kai amfanin gona gida aka fara bukukuwa, sai ya farfaɗo. A lokacin sanyin kasuwa kakan riƙe yaranka da ɗinkin kayan ƴan lakkwal da gyare-gyare, mu ma kakan turo mana ɗan abin da zai hana bahuna bushewa.

Akwai abin da ban gane ba a wancan lokacin. Hannun mai surfani yana da iyakarsa. Ba ka iya jira sai Salla ta matso, dole ka fara tun da wuri, mu ma dole mu riƙa kawowa kaɗan-kaɗan. Ashe jinkirin hannun Haruna da abokan aikinsa ne yake raba mana abinci a kan watanni. Sai da aka cire wannan hannun na sani.

Na biyu, zuwan injin surfani. Ranar da aka sauke shi daga kamiyo, babbar motar kaya, Haruna yana cikin waɗanda suka sa kafaɗa aka shigar da shi. Ya dawo gida yana ba ni labari da murna kamar shi aka saya wa. Wai kawuna gare shi a jere, kowane kai da allurarsa. Wai ba a zana komai da alli, daga ordinata, wato kwamfuta, ake sa masa zanen ya yi ta yi shi kaɗai, abin da mutum zai wuni ya kwana a kai, kafin a sauke shayi ya gama. Na tambaye shi, to ku fa? Ya yi dariya ya ce, “Inna, Alhaji ya ce aiki ne zai ƙaru, har sai mun gudu.”

A shekarar farko maganarka ta tabbata. Injin ya riƙa cin shadda kamar ba ya ƙoshi. Ka aiko mana cewa a ƙara hannu, a ƙara baho, kada a bar inji ya zauna. Na sayar da tumakin da nake kiwo na sayi bahuna da manyan tukwane. Na kira matan maƙwabta. Har Hamsatu, ƙawata da ke sayar da kopto, kwaɗon ganye, a bakin titi, ta ajiye ƙwaryarta ta shigo rini. Baba Hamani ya aika ƙauye aka turo masa ƴaƴan ƙanensa, suka bar gona a hannun tsofaffi a wannan daminar. Gidana ya cika da mata da hayaƙi da surutu, igiyoyin shanya har kan katangar maƙwabta. A wannan shekarar na gyara rufin ɗakina da ya daɗe yana yoyo. Ba zan ɓoye alheri ba.

Abin da mu na baya ba mu sani ba shi ne, ba mutane ne ke sayen duk kayan nan ba. Mangazarka, ɗakin ajiyar kayanka, ita ce take cika. Da can sai mai riga ya zo an auna shi sannan a sa almakashi. Yanzu inji yana yi wa mutanen da ba su zo ba tukuna. Sauran masu manyan shaguna da suka ga haka, su ma suka sayo nasu. Kowa ya cika mangaza da wuyan riga iri ɗaya, don daga wuri ɗaya ake kwaso zanen. Mutanen Yamai kuwa ba su ƙaru ba, kuma mutum riga ɗaya yake sawa ya je Idi.

Na uku, yadda abin ya tsaya. Bayan Layyar da ta biyo baya, sai shiru. Ba wanda ya zo ya ce mana an tsaya. Farar shadda ce kawai ta daina zuwa. Na yi ta jira ina cewa sanyin kasuwa ne irin wanda muka saba. Da na sa Haruna ya tambaya, sai aka ce kaya sun yi yawa, sai an rage.

Ranka ya daɗe, ga abin da na lura. Kai a kanti ciniki raguwa ya yi, bai mutu ba, har yau ana shiga ana fita. Wurin masu yanka da teloli aiki ya ragu sosai. Kafin abin ya iso wurin masu bugu da mu masu rini, ya zama babu gaba ɗaya. Duk wanda ya fi nisa da mai saye, shi ya fi faɗuwa ƙasa. Kai kana da kaya a ajiye, kana iya jira. Mu hannu kawai gare mu, in bai yi aikin yau ba, na yau ya wuce ke nan.

Da mangaza ta ragu muka ce to, yanzu za a dawo. Sai ga wata magana, wai injin ba ya son shaddarmu. Ƙaron da muke sawa da bugun da ake yi mata suna sa ta tauri, zare yana tsinkewa, allura tana karyewa, in ta karye kuma sai an jira wata daga waje. Sai ka koma ga shaddar da ke zuwa a rine, a goge, cikin leda. Ban ce ba ta da kyau ba. Na taɓa ta a kasuwa, tana da kyau. Amma da wannan shawara ɗaya, rini da bugu suka fita daga hanyar riga, kuma ba wanda ya ƙetaro gada ya gaya mana. Da an gaya mana da wuri, da Hamsatu ta koma wurin zamanta na bakin titi kafin wata ta gaje shi. Da ƴaƴan ƙanen Baba Hamani sun koma gona kafin shuka ta wuce su.

Kwanan baya na je Gamkalley in gaishe da tsohon. Wurin da a da tun daga nesa mutum yake jin bugu har cikin ƙirjinsa, na tarar da akuya kwance a kan gungume. Shi kuwa yana lambun wani yana ban ruwan ganyen salati, da ciwon bayansa. Da ya gan ni ya miƙe da ƙyar ya gaishe ni, ya ce, “Fofo, Rabi. Kin zo yi mana ta'aziyya ne?” Muka yi dariya.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto: Haruna.

Ka tuna ranar da marigayi ubansa ya kawo maka shi. Lokacin bai gama tsawo ba. Uban ya zo da ƙullin goro, aka kira manyan layinku, aka yi fatiha, ya kama hannunsa ya sa a naka ya ce ga amana. A sana'arku wannan goron ɗauri ne, kuma goro ne ke kwance shi. Yaro ba ya barin ubangidansa sai an yaye shi: a sake tara manya, a raba goro, ubangida ya faɗa da bakinsa cewa ya iya, ya sa masa albarka, ya miƙa masa almakashi. Wanda ba a yi wa haka ba, ko gemunsa ya kai ƙirji, yaron wane ne. Ba mai shagon da zai ɗauke shi. In ya buɗe nasa ma, nuna shi za a riƙa yi ana cewa gudowa ya yi.

Haruna ya daɗe da iyawa, kai ma ka sha faɗa a gaban mutane. An fara maganar yaye shi, sai rasuwar ubansa ta gitta. Ka ce a bari a ga bayan Salla, sai inji ya zo. Da inji ya zauna da gindinsa, ka ɗauko wani saurayi mai ilmin ordinata ya riƙa aiki da shi. Ba ni da komai a kan wannan saurayin, ɗan wata ne shi ma, uwarsa tana murna kamar yadda na taɓa yi. Kekunan masu surfani kuwa aka tura su lungu aka rufe da zane. Waɗanda aka riga aka yaye suka watse, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Shi Haruna sai ka dafa kafaɗarsa ka ce, “Je ka gida ka huta, zan neme ka.”

Wannan kalmar ce ta ɗaure shi. Ba ka kore shi ba, ba ka kuma sallame shi ba. Ya je wurin wani mai shago ɗan Damagaram, a wata unguwa, wanda har yanzu yake da masu son aikin da aka zauna aka yi musu su kaɗai. Mutumin ya ga aikinsa a kan rigar da ya kai masa ya yaba ƙwarai, sannan ya tambaye shi ko Alhaji ya yaye shi. Da Haruna ya ce a'a, sai mutumin ya naɗe rigar ya miƙa masa, ya ce shi ba zai ɗauki yaron Alhaji a bayan idonsa ba, sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Na ce wa Haruna to ya je ya roƙe ka da kansa. Ya dube ni kamar na ce ya je ya zage ka. Ya ce yaro ba ya cewa a yaye shi, uba ne ke zuwa ya nema masa. Uban yana kabari. Baffanninsa suna can ƙasar Maraɗi, kowa da abin da ya dame shi. Saura ni.

Ka neme shi kuwa, ban manta ba. A azumin da ya wuce, da zafi ya tsananta, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa, inji ya tsaya da rigunan manyan mutane a bakinsa, ga Salla tana matsowa. Ranar da aka aiko kiransa, ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka cire zanen da ke kan kekensa na ƙafa, ya zauna ya fitar da kai kunya. Ya rame, ƙafafunsa suka kumbura, amma na ga ɗana ya dawo mutum, yana cin abinci yana yi mini ba'a. Na ce a raina, bayan wannan ko a mayar da shi ko a yaye shi. Aka yi Salla, wuta ta daidaita. Ka ba shi haƙƙinsa, ban ce ka rage masa komai ba. Sannan ka sake dafa kafaɗarsa da kalmar nan.

Ranka ya daɗe, ka yi mini haƙuri da abin da zan faɗa. A ranar na gane abin da ya hana a yaye shi. Ka ajiye shi ne yadda muke ajiye fitilar ƙwai a ƙarƙashin gado, don ranar da wuta ta ɗauke. Amma fitila ba ta cin tuwo, kuma ba ta da budurwar da iyayenta suka gaji da jira. Wataƙila ba ka zauna ka ƙulla haka a ranka ba, wataƙila yawan hidima ne ya sa. To ni daga inda nake zaune, haka abin yake.

Na biyar, abin da nake tsoro.

Yara uku Allah ya bar mini. Macen tana aure a Tawa, sai dai a waya. Na farin nan mai moto, da kaya suka daina tafiya tsakanin Harobanda da Gamkalley da Yantala, ya rasa abin ɗauka. Ya sayar da moton ya bi masu zuwa haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas. Da farko yana rubuto saƙo a waya. Nakan ɗauki wayar in bi gidaje ina neman mai karanta mini, maganar ɗana ta fara shiga idon wani kafin ta zo kunnena. Abin da ya kai ni aji ke nan. Na zauna a tabarma da matan da na haifi kamarsu, ina haɗa baƙi da wasali, suna dariya ina dariya. Kafin in iya sosai, saƙonnin sun fara nisa da juna. Da na iya, sun daina zuwa. Yanzu tsofaffin nake buɗewa in karanta. Duk wanda na ji ya dawo daga can, nakan je in tambaye shi. Wani ya ce kamar ya gan shi, wani ya ce wurin ya fi ƙarfin a tambayi mutum ɗaya. Ban sani ba ko yana da rai.

Gidan da ya cika da mata, yanzu daga ni sai Haruna. Bahunan suna kife a jikin katanga, ƙadangaru ne ke hawansu. Shuɗin da ya zauna a faratana shekara da shekaru ya fita. Ranar da na lura hannuna ya koma kamar na wadda ba ta taɓa rini ba, ina alwala ne, sai da na yi kuka. Haruna yana fita da safe don kada maƙwabta su ce ba ya aiki. Bakin kogi yake zuwa ya zauna, ya dawo bayan la'asar. Ba ya shan komai, ba ya bin abokan banza, ya zuwa yanzu dai. Amma ya daina ba ni labari. Mukan ci abinci kowa yana kallon kwanonsa.

Makon jiya ya tambaye ni ina bargon babansa, mai kaurin nan da marigayi yake tafiya da shi in zai kai kamiyo hanyar hamada. Alhaji, a wannan zafin na Yamai ba wanda ke neman bargo. Yayansa ma da tambayar jaka ya fara. Na ce masa bargon yana da datti, sai na wanke. Ya ce to. Daga baya Hamsatu ta gaya mini an gan shi a tashar masu zuwa arewa yana tambayar hanya. Layya tana tafe, na san in kuran ya sake ɗaukewa za a aiko kiransa. Tsorona kada ɗan aike ya zo ya tarar da ni ni kaɗai.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, in kana da buƙatarsa, ka zaunar da shi kusa da saurayin nan ya koyi injin. Ya san zare, ya san yadda shadda take ja, ya san yadda wuyan riga ke kwanciya a jikin mutum. Abin da ya rage masa danne-danne ne. In ni da furfurata na koyi baƙaƙe har na rubuta wannan, shi ba zai kasa ba.

Biyu, in ba ka da buƙatarsa, ka yaye shi. Ba na neman a ba shi keke, ba na neman jari. Ko almakashin ma in ya yi nauyi, akwai na gida. Ka kira manyan layi, ka faɗa da bakinka cewa ya iya, a shafa fatiha. Ba zai ɗauke ka tsawon zaman shayi ba. Ɗan Damagaram ɗin nan ya ce duk ranar da aka yi haka, washegari ya zo ya zauna a keke.

Uku, wannan da kai nake da sauran masu manyan shaguna. Ban ce a mayar da inji inda ya fito ba, na san ba zai koma ba. Amma in za ku canja hanyar riga, ku aika wa na baya da labari kafin su sayar da tumakinsu. In kun ce a ƙara hannu, ku faɗa mana ko na shekara ɗaya ne. Kuma kowa ya duba shagonsa, don Haruna ba shi kaɗai ne aka ce wa ya je gida za a neme shi ba. Akwai iyaye mata da yawa irina a Harobanda da sauran unguwanni, sai dai su ba su shiga aji ba, ba su da yadda za su rubuto muku.

Ban manta alherinka ba. Kai ka aiko da likkafanin uban yaran nan, kai ka tsaya har aka rufe shi. Don na san kana da wannan zuciyar ne na rubuto maka. Da ban sani ba, da na yi shiru na bar wa Allah.

Goron yayen na riga na saya. Yana ɗakina a ƙulle cikin ganye, kullum da safe ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Bargon ma na wanke, tunda na ce zan wanke. Ya bushe, na naɗe, na sa shi ƙarƙashin katifata. Haruna ya gan shi a kan igiya, ya san ya bushe. Kunyata ce ta hana shi sake tambaya, kuma na san ba za ta riƙe shi da daɗewa ba. Cikin abu biyun nan ɗaya zai fita daga ɗakina kafin Layya. In goron ne, ni zan ɗauko shi a kaina in ƙetaro gada. In bargon ne, da hannuna zan miƙa masa, domin ba ni da bakin da zan ƙara ce masa ya jira.

Allah ya ja kwananka, ya sa wa dukiyarka albarka, ya raya maka zuri'a a gaban idonka. Allah ya sa kada ka taɓa zama riƙe da waya kana jiran saƙon ɗanka. Allah ya sa mu gama lafiya da imani, amin.

Amsa ba sai ta zo a rubuce ba. Ka aiko kawai a ce, Rabi, kawo goro.

Wassalam.

Rabi mai rini, uwar Haruna,
Harobanda, Yamai.